Ɗana ya dawo daga gidan raino da ƙuna a hannu, ina zan kai kuka?

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciya ce, ina fita ƙarfe 7:30 na safe ba na dawowa sai bayan la'asar, shi ya sa nake kai ɗana mai wata 20 sashen raino na wata makaranta mai zaman kanta a unguwarmu. Wajen mako uku ke nan duk ranar da na ɗauko shi sai in same shi a langaɓe, ya yi ta barci har magariba, abin da ba ya yi Asabar da Lahadi. Ranar Talata kuma na tarar da ƙuna a bayan hannunsa na dama, ta ɗuri ruwa, an shafa mata man goge baki. Babu wanda ya kira ni. Anti ta ce filas ɗin ruwan zafi ya jawo. Da na leƙa ɗakin na ƙirga yara 23, mai raino ɗaya, sai wata yarinya da ba za ta wuce shekara 15 ba. Na yi wa mai makarantar magana ta ce yaro ba ya girma ba tabo. Da na faɗa a zauren WhatsApp na iyaye aka cire ni, aka kuma aiko min cewa za a kai ni ƙara kan ɓata suna. Maigidana ya ce mu cire yaron mu bar wa Allah. Ni kuwa raina ya ƙi kwanciya. Akwai hukumar da ke sauraron irin wannan? In na kai me za su yi? Ko wahalar banza ce?

Wata uwa, Tarauni

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya, ya kiyaye gaba.

Rabin maganar maigida daidai ne: a cire yaron, kuma daga gobe, ba sai zango ya ƙare ba. Kuɗin zangon da kuka biya kada ya riƙe ki. Kakarsa, ko wata 'yar'uwa, ko hutun kwana biyu daga wurin aiki, duk sun fi komawa ɗakin da aka ƙone yaro aka rasa mai ɗaga waya. Ɗaya rabin, na a bar wa Allah, za mu zo kansa.

Kafin kowace hukuma, asibiti. Ki kai shi asibitin gwamnati, ko na yara na Hasiya Bayero, ko Murtala, ko na Malam Aminu Kano, ko da kin riga kin kai shi kemis an sa magani. Dalili biyu ne. Ƙuna a hannun ƙaramin yaro ba a raina ta, domin in ta ci fata da zurfi ko ta ruɓe tana iya janye yatsu idan ta zo warkewa. Abin da ya kamata su yi tun farko shi ne su sa hannun a ƙarƙashin ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, kamar minti 20, su rufe da ƙyalle mai tsabta, su kira ki. Man goge baki da manja da ɗanyen ƙwai ba sa warkar da ƙuna, ƙazanta suke ƙara mata. Dalili na biyu kuwa shi ne takarda. Ki roƙi likita ya rubuta a kati wurin ƙunar, faɗinta, zurfinta, da abin da aka ce miki ya jawo ta, sannan ki nemi rahoton likita mai hatimin asibiti. Likitoci na iya bambanta ƙunar ruwan da ya fantsamo, mai tsiri-tsiri da ɗigo-ɗigo, da ƙunar hannun da aka tsoma ko aka danna, wadda iyakarta ke fita a miƙe kamar an ja layi. Wannan bambancin shi zai nuna ko maganar sakaci ake yi ko maganar ganganci, kuma ba ke za ki yanke ba, ba mai makaranta ba. Ki ɗauki hoton hannun yau da rana cikin haske, ki ajiye tsabar kuɗi ko rula a gefe don girman ya fito, ki sake ɗauka bayan kwana uku da bayan mako. Rasit ɗin magani da na kati duk ki adana.

Barcin nan ya fi ƙunar tayar min da hankali, duk da cewa shi ne ya fi wuyar tabbatarwa. Yaro na iya langaɓewa don zazzaɓin cizon sauro, ko ƙarancin jini, ko yunwa, ko don ya wuni yana kuka ya gaji. Amma an sha kama masu raino suna ba yara maganin mura mai sa barci irin su Piriton, ko Phenergan wanda ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba saboda yana iya danne numfashi. Maganin tari mai kodin ma, da gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da haɗa shi a 2018, bai ɓace daga gari ba. Ki gaya wa likita duk abin da kika gani: wahalar tashi, tangaɗi, bushewar baki, da cewa ranakun makaranta kawai yake yi. Sai dai ki sani irin waɗannan magunguna ba sa daɗewa a jiki, in an yi kwanaki gwaji ba lallai ya nuna komai ba. Kada kuma ki mayar da yaron makarantar don ki samo hujja. Abin da za ki iya shi ne ki zauna ki rubuta ranakun da kika tuna, sannan ki lura da shi yanzu da ya daina zuwa. In barcin ya ɗauke daga ranar da kika cire shi, ki rubuta hakan ma. A cikin ƙorafi kuma ki ce "ina zargi, ina roƙon a bincika", kada ki ce "sun ba shi".

Yanzu ga amsar tambayarki. Akwai hukuma, har ma fiye da ɗaya, kuma yawancin iyaye a nan suke faɗuwa: su kwashi kuka uku su kai ƙofa ɗaya, a ce musu wannan ba namu ba ne, su koma gida suna cewa gwamnati ba ta aiki. A wasiƙarki akwai rauni da aka ji wa yaro, akwai ɗakin da bai cika ƙa'ida ba, akwai kuma kuɗi. Kowanne da mai shi.

Tunda wurin sashe ne na makaranta mai zaman kanta, ƙofar farko ita ce Hukumar Kula da Makarantu Masu Zaman Kansu da na Sa Kai ta Jihar Kano, wadda ke aiki tare da Ma'aikatar Ilimi. Ita ke ba su izinin buɗewa, ita ke duba su, ita ke da ikon jan kunne, dakatarwa ko rufewa. Da ajin yara ne a firamaren gwamnati, da SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, za ki nufa ta ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Ƙofa ta biyu ita ce Ma'aikatar Harkokin Mata, wadda walwalar yara ke hannunta, tana kuma da jami'an jin daɗin jama'a. Ki kai mata kwafi ko da kin kai wa ta farko, domin ɗan wata 20 bai kai ɗalibi ba, jariri ne, kuma ɗakin raino yakan faɗa tsakanin ma'aikatun biyu, kowacce ta ɗauka ɗayar ce ke dubawa. Wadda kuwa ke kai ɗanta gidan wata mata da ke tara yara a falo ba allo ba rajista, to ita Ma'aikatar Mata ce ma ƙofarta ta farko.

Ki san ƙarfin hukumar makarantu ki kuma san iyakarsa. Makaminta lasisi ne. Ba ta ɗaure kowa, ba ta yanke diyya. Amma lasisin nan mai makaranta tana tsoronsa fiye da kukan iyaye goma, kuma mutanen Kano sun ga aikinsa: a Janairun 2022, bayan kisan Hanifa, yarinya 'yar shekara 5, a hannun mai makarantarsu, gwamnatin jihar ta sanar da soke takardun izinin dukkan makarantu masu zaman kansu don a sake tantance su. A 2023 kuma aka sa hannu kan Dokar Kare Yara ta Jihar Kano, shekara 20 bayan dokar 'yancin yara ta tarayya ta 2003. Don haka ba alfarma za ki je nema ba. Akwai doka a bayanki.

Jami'in da takardarki za ta faɗa hannunsa abu ɗaya yake nema: me zan iya zuwa in gani da idona, ko in ƙirga, ko in nema a rajista? Makarantun da ke ƙarƙashinsu dubbai ne, masu fita duba su kaɗan ne, motar fita ma ba kullum ake samu ba. Takardar da ta ce "makarantar nan ba su da imani, kuɗi kawai suka sani" za ta ba shi tausayi amma ba ta ba shi abin yi ba. Ga irin wadda ke tayar da shi daga kujera: "Ranar Talata, kaza ga wata, ƙarfe 4:20 na yamma, na zo ɗaukar ɗana mai wata 20 na same shi da ƙuna a bayan hannun dama. Ba a kira ni ba, ba a kai shi asibiti ba. Mai rainon ta ce filas ɗin ruwan zafi ya jawo, kuma na ga filas ɗin a ƙasa kusa da katifar yara. Na ƙirga yara 23 a ɗakin, da babba ɗaya da wata yarinya da alama ba ta kai shekara 18 ba." Kowace jimla a nan ana iya bin ta. Ƙirgen nan da kika yi shi ne mafi tsadar abin da kike riƙe da shi, saboda Tsarin Ilimi na Ƙasa, bugun 2013, ya ce a ɗakin rainon jarirai mai kula ɗaya ga yara 10 ne, a ajin nazire kuma malama ɗaya ga yara 25. Yara 23 a hannun babba ɗaya ya ninka ƙa'ida har ya zarce. Ki ambaci wannan a takardar. Yarinyar nan 'yar 15 kuwa ba a ƙirga ta a masu raino, ita kanta yarinya ce da ya kamata tana aji, kuma wannan ma abin dubawa ne.

Shafi ɗaya ya isa, in ya yi yawa biyu. Ki rubuta wa Sakataren Zartarwa na hukumar makarantun. A sama ki sa sunan makarantar yadda yake a allo da yadda yake a rasit, domin sau da yawa sun sha bamban, kuma fayil ɗinsu da sunan rajista ake nemo shi. Ki kwatanta wurin yadda ɗan adaidaita zai gane: layi na nawa, bayan wane masallaci, wane launin ƙyaure. A ƙasa ki faɗi abin da kike so a fili, a je a duba ba tare da an sanar da su ba, a tabbatar ko izininsu ya haɗa da sashen raino, a binciki maganar magani, a sanar da ke sakamako a rubuce. Ki faɗi lokacin da ɗakin ya fi cika, in tsakanin 11 na safe da 1 na rana ne ki rubuta, don kada a je ƙarfe 8 a tarar da yara shida. Ki haɗa da kwafin rahoton likita, hotuna, rasit ɗin kuɗin makaranta, da hoton saƙonnin WhatsApp har da na barazanar. In an turo miki saƙon murya ki adana shi a wani wuri dabam. Kwafi za ki bayar, na ainihi ya zauna a gida. In da Hausa kika rubuta babu laifi, amma ki haɗa da ta Turanci, ta fi saurin tafiya tsakanin tebura.

Ki kai da kanki ko maigida ya kai, kwafi biyu. A ofishin karɓar wasiƙu a buga wa taki hatimin an karɓa, da kwanan wata da sa hannu. Wannan hatimin shi ne bambancin ƙorafi da hira. Mutane da yawa sukan ce ai akwai ɗan'uwanmu a ma'aikatar, mun gaya masa. Maganar baki ba ta da fayil, ranar da aka canja masa wurin aiki ta tafi da shi. Ki tambayi sunan sashen da za a tura takardar, ki bar lambar wayar da kullum take kunne. Ƙorafin da ba suna ana iya karɓarsa, amma ba shi da mai bibiya, kuma in makaranta ta musanta babu wanda za a kira. In kina tsoro ki sa sunanki ki roƙi kada a bayyana wa makaranta, duk da cewa a naki lamarin sun riga sun san ko wace ce.

Daga nan takarda takan hau teburin shugaba, ya yi mata rubutu ya tura sashen sa ido. Su kuma su zaro fayil ɗin makarantar su ga ko tana da izini da irin izinin. A nan ake yawan samun abin mamaki, domin makarantu da yawa nazire da firamare aka amince musu, daga baya da suka ga iyaye mata ma'aikata na nema sai suka share wani ɗaki, suka shimfiɗa katifu, suka fara karɓar jarirai. In haka ne, an same su da laifi tun kafin a zo maganar ƙuna. In an fita duba, ana neman rajistar halartar yara, jerin ma'aikata da takardunsu, a duba iska da hasken ɗaki, ruwa, banɗaki, akwatin taimakon gaggawa, katanga da ƙofa, da tsarin wanda aka yarda ya ɗauki yaro. Galibi akan gayyaci mai makaranta ta ba da amsa, wani lokaci a zaunar da ku tare. Ƙarshenta ɗaya daga cikin waɗannan: a ja kunne, a ba da wa'adin gyara a dawo a sake dubawa, a ci tara, a rufe sashen, ko a rufe makarantar. Rufewa gaba ɗaya ba ta da yawa, kuma ba don son kai kaɗai ba, akwai ɗaruruwan yaran da za a zubar a titi tsakiyar zango. Kada ki auna nasara da ganin kwaɗo a ƙyaure. In aka tilasta musu ƙara masu raino biyu, aka ɗauke filas daga ƙasa, aka sa su kiran iyaye duk lokacin da yaro ya ji ciwo, ƙorafinki ya yi aiki.

Inda abin ke lalacewa kuma sananne ne. Labari ya riga masu dubawa isa, sai a share ɗaki, a aro malamai biyu daga ajin firamare, a ce wa wasu iyaye yau babu raino. Maganinsa ki rufe bakinki, kada ki ce wa kowa a makarantar "za ku gani, na kai ku hukuma", ki kuma roƙi a duba rajistar halarta ta makonnin baya da takardar biyan albashi, waɗanda ba a gyara su da tsintsiya. In akwai kyamarar tsaro a ɗakin ki sa a takardar cewa a karɓi hoton ranar da wuri, domin na'urar na goge tsohon hoto da kanta bayan 'yan kwanaki ko makonni. Sai kuma barcin fayil. Bayan mako biyu ki koma da kwafinki mai hatimi ki tambayi inda aka kwana. In wata ya cika shiru ki rubuta tunatarwa, ki kai kwafi ofishin Kwamishinan Ilimi. In kin ga alamar an danne maganar da gangan, akwai Hukumar Karɓar Koke-Koke da Yaƙi da Cin Hanci da Rashawa ta Jihar Kano, wadda ke sauraron kuka a kan jami'an gwamnati, akwai kuma ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa a nan Kano.

Akwai wata dabara da nake so ki shirya mata tun yanzu, domin kusan kullum ita ake yi. Da zarar wuta ta yi zafi mai makaranta za ta kori antin, ta zo gaban hukuma ta ce mai laifin ta tafi, magana ta ƙare. Ita antin ta yi kuskure, ba shakka, musamman na ɓoye miki. Amma ki yi tunanin mace ɗaya da jarirai 23, wannan na kuka, wancan ya ɓata famfas, uku na jiran a haɗa musu madara da ruwan zafi, a kan albashin da sau da yawa bai kai mafi ƙarancin albashi ba. Ko wace ce aka sa a ɗakin nan, wata rana filas zai kife. Wanda ya karɓi kuɗin yara 23 ya ɗauki mai raino ɗaya shi ya ajiye filas ɗin a ƙasa. Don haka ki gina ƙorafinki a kan yawan yara, rashin kiran iyaye da rashin taimakon gaggawa, abubuwan da korar mutum ɗaya ba ta gyarawa.

Za kuma a zo miki da sulhu. Za a turo dattijo, ko mai unguwa, ko wata ƙawar mahaifiyarki, a ce a yi haƙuri, kada a tone wa baiwar Allah asiri, abincinta ne. Hukumar ma tana iya karkata ga sasantawa. Sulhu alheri ne, ban ce ki ƙi ba. Amma a yi shi a gaban jami'in hukuma, a rubuce: za su biya kuɗin magani nawa, za su mayar da kuɗin sauran zango, za su ƙara masu raino zuwa rana kaza, hukuma za ta koma ta duba. Kada ki sa hannu a takardar janye ƙorafi kafin a cika, kada kuma ki karɓi ambulan a zaure. Yafe haƙƙinki naki ne, kina iya yafewa. Duba ɗakin kuwa haƙƙin sauran yara 22 ne, ba ki da ikon yafe shi a madadinsu. In maganar mayar da kuɗi ta tsaya ita kaɗai, Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta jiha na sauraron irinta. Hisbah ma na sasanta mutane, sai dai lasisin makaranta ba a hannunta yake ba.

'Yan sanda fa? In likita ya ce ƙunar ta yi kama da ta ganganci, ko aka sami alamar magani, to abin ya tashi daga saɓa ƙa'ida ya zama laifi, kuma caji ofis ɗin yankinku za ku je, ku nemi ganin DPO ko jami'ar da ke kula da shari'ar mata da yara. Kai ƙara caji ofis ba ya hana hukumar makarantu nata aikin, ana tafiya da su tare. Ga sauran iyayen da ke karantawa: in abin da kuke zargi taɓa yaro ne ta hanyar lalata, kada a yi masa wanka, kada a wanke kayansa, a wuce Cibiyar Waraka da ke asibitin Murtala a ranar, sannan a yi maganar makaranta. In kuma yaron ya iya magana, a tambaye shi "me ya faru?" sau ɗaya a rubuta abin da ya ce da kalmominsa. A daina "anti ce ta dake ka ko?", domin yaro zai ce e don ya faranta wa uwarsa, kuma lauyan wancan ɓangaren da wannan zai rushe shari'ar. Neman diyya kuwa aikin kotu ne. In kuna so kuma babu kuɗin lauya, ku nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Barazanar ɓata suna kada ta firgita ki, kada kuma ki raina ta. A Arewa ɓata suna laifi ne a dokar Penal Code, ana gurfanar da mutum a kansa, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015 da ake yawan jawowa. Kai kuka ga hukumar da ke da alhakin sauraro, da gaskiya da kyakkyawar niyya, haƙƙinki ne. Sa sunan makaranta da hoton mai ita a Facebook da cewa tana ba yara ƙwaya, alhali ba ki da takardar likita, shi ne zai mayar da ke wadda ake ƙara. Ki dakata da rubutu a zaure. Rediyo na da tasiri a Kano, kowa ya sani, amma ki bar shi sai kin bi ƙofofin nan an yi shiru, lokacin kina da takarda mai hatimi da za ki nuna, kuma kada a nuna fuskar yaron. Abin da ya fi zaure amfani shi ne ki kira iyaye biyu ko uku da kika yarda da su, ɗaya bayan ɗaya, ki tambaye su ko nasu na dawowa da irin wannan barcin. In sun ce e, su kai yaran asibiti a ranar da suka gani, kowacce kuma ta rubuta nata ƙorafin da hannunta. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi: takarda uku daga gida uku ba a ce musu rigimar mace ɗaya.

Shi kuma maigida, kada ki tunkare shi da cewa bai damu ba. Da alama yawon ofis yake gudu, da surutun unguwa, da a ce matarsa ta rufe wa wata abinci. Ki nuna masa takardar shafi ɗaya, ki ce zuwa ɗaya ne da komawa bayan mako biyu. Ki tuna masa abin da malamai ke faɗa a babin amana, cewa wanda aka ba ajiya ba ya biya in ta salwanta, sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyaka. Filas ɗin tafasasshen ruwa a ƙasa tsakanin masu rarrafe sakaci ne, ɓoye wa iyaye kuma ya ƙara masa nauyi. Bar wa Allah na nufin ba za ku riƙe ta a zuci ba, ba za ku rama ba, kuma wannan kuna iya yi kuna kan hanyar kai takarda. In ya yarda ya sa hannu tare da ke ya fi, in ma shi ya kai da kansa ya fi kyau, don a nan garin har yanzu akwai teburan da suka fi saurin miƙewa in uba ne ya shigo.

Idan kin tashi neman sabon wuri, ki je ba tare da kin sanar ba, wajen ƙarfe 12 na rana. Ki nemi ganin takardar izini ki karanta ko ta ambaci raino. Ki ƙirga yara ki ƙirga manya. Ki duba inda ake ajiye ruwan zafi, da soket ɗin da ke kusa da ƙasa, da bokitin ruwa a banɗaki, domin ɗan ruwa kaɗan a bokiti ya isa ya halaka mai rarrafe. Ki tambaya, in yaro ya ji ciwo wa ake kira, wane asibiti ake kai shi, kuma wa ke ba da magani da izinin wa. In kin shiga ɗakin jarirai 15 tsakar rana kika tarar duk suna barci lokaci ɗaya, babu mai motsi, ki tambayi ƙarfe nawa suka kwanta, ki dawo washegari a wani lokacin dabam ki sake gani.